Ranar da randar Iya ta bushe

A bakin layinmu akwai wata randa da na taso na tarar. Tana jingine da katangar gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Iya, a gindin darbejiya, an rufe bakinta da faifai an kifa moɗa a kai. Kullum da sassafe sai an wanke ta an cika. Almajirai su sha, 'yan dako su sha, mai turin kura ya tsaya ya kwankwaɗi moɗa biyu ya sheƙa ragowar a ka. In an taso 'yan makaranta kuwa sai rububi, har Iya ta leƙo daga soro ta ce, "Ku bi a hankali 'ya'yan nan, randa ba ta gudu." Gidan ba rijiya, famfo kuma tun muna yara ya daina kawo ruwa. Ashe sayen ruwan take yi wajen 'yan ga-ruwa, jarka biyu ko uku a rana, da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ban san haka ba sai da na yi aure na fara sayen jarka da kuɗin aljihuna.

A bazarar bara randar ta bushe. Da na zauna na ƙirga daga baya, ta kusa mako biyu a haka. Sau huɗu nake wucewa ta gabanta a rana, amma ban lura ba. Wani almajiri ne ya tare ni bayan la'asar ya ce, "Malam, don Allah Iya tafiya ta yi?" Da na yi sallama na shiga, sai na tarar da ita kwance, ƙafafu sun kumbura, wata jikarta na yi mata fifita. Na durƙusa na ce, "Sannu Iya, ya jiki? Wallahi ba mu sani ba." Ta ce, "Ba komai ɗan nan, jiki da jini. Randar ce dai ke damuna, ga zafin nan."

A cikin makon ne aka miƙo mini katin gayyata zuwa wani ɗakin taro, wai bikin karrama gwarazan al'umma. Na je, don abokin aikina na cikin masu shiryawa. An raba alluna masu ƙyalli sun fi ashirin. Ɗan majalisa ya karɓa, ɗan kasuwa ya karɓa, wani mai neman takara ya aiko wakili, aka yi ta ɗaukar hoto. Kowa a ɗakin ya san yadda ake shiga irin wannan jeri: ana kai maka takarda ofis, kai kuma ka ba da abin da ake kira gudummawa. Ina zaune ina tafi tare da jama'a, raina yana wajen randa.

Bahaushe ba marowacin yabo ba ne. Muna da maroƙa da zabiyoyi da sanƙira, muna da makaɗan fada, kowace sarauta da kirarinta, ga mawaƙan siyasa da ke kwana a situdiyo suna ƙera wa mutum asali. Mun iya yabo ƙwarai. Sai dai yabon namu ya san hanya, inda za a yi masa liƙi yake nufa. Muna cewa yabon gwani ya zama dole, amma a aikace gwanin da muke gani shi ne wanda ya zo da mota. Wanda ya zo a ƙafa da tsintsiya a hannu, ko sannu sai in ya ci sa'a.

Haka abin yake har a matakin ƙasa. Tun 1964 Nijeriya ke da dokar ba da lambobin girmamawa, kuma manyan cikinsu kusan kujera ake bai wa. Wanda ya zama shugaban ƙasa zai samu GCFR, lambar da ta fi kowace girma. Mataimakinsa da shugaban majalisar dattawa da alƙalin alƙalai su samu GCON, wadda ke biye mata, ko sun taɓuka ko ba su taɓuka ba. A ranar 11 ga Oktoban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya karrama mutum sama da 400 a Abuja, galibinsu masu riƙe da muƙami ne ko waɗanda suka taɓa riƙewa. Amma waɗanda jama'a suka fi yin zancensu 'yan kaɗan ne: wata mai shara a filin jirgin saman Legas da ta tsinci maƙudan kuɗi ta mayar, da wani dattijon limami daga Filato. Shekara takwas kafin nan, a 2014, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wani direban tasi na Abuja da ya mayar da kuɗin fasinja da wani ɗan sanda mai ba da hannu a jerin nasa, nan ma su aka fi tunawa. A bikin ne aka tuna da Taiwo Akinkunmi, wanda ya zana tutar Nijeriya tun kafin samun 'yanci, bayan fiye da shekara hamsin. Da ya rasu a Agustan 2023, gawarsa ta yi kimanin shekara guda tana jiran jana'izar da hukuma ta yi alƙawari.

Yadda mutane ke murna duk lokacin da aka kira talaka kan dandamali ya nuna mini cewa akwai ƙishirwar abin a zukata. Amma ko a nan ina da ƙorafi. Ku lura da waɗanda ake kiran: sai wanda ya yi abin da ya girgiza gari. A Satumban 2023 wani matashi ɗan adaidaita sahu a Kano ya mayar wa wani ɗan kasuwa daga Chadi naira miliyan 15 da ya manta a cikin babur ɗinsa. Labari ya cika gari, kyaututtuka suka yi ta zuwa, kuma ya cancanta, musamman da yake na ji da kunnena a majalisa wasu na cewa wawa ne, arziki ya zo masa har gida ya kore shi. To amma 'yan adaidaita nawa ne ke juyowa daga nesa, su ƙona mansu, don su mayar da waya ko jakar magani ko naira dubu biyar da wata tsohuwa ta ƙulle a bakin zane? Zuciyar ɗaya ce. Bambancin kawai yawan sifilin da ke bayan lambar. Ina tsoron ko a wajen yaba gaskiya ma kuɗin muke yi wa tafi.

Limamin nan da na ambata, Malam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, shi ne a ranar 23 ga Yunin 2018 ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristoci, da maharan suka biyo. Mata ya shigar gidansa, maza ya shigar masallaci, ya fito ya tsaya a ƙofa yana roƙon masu bindiga, yana da shekara tamanin da 'yan kai. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019, tasa ƙasar ta biyo baya da lambar MON. Abin da nake yawan tunani shi ne, me ya sa mutanen da ke gudun mutuwa suka nufi ƙofarsa? Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa shawara, inda ya saba ganin alheri yake faɗawa. Shekaru ne na gaisuwa da zuwa dubiya da ta'aziyya da aron gatari suka share wannan hanya. Waɗancan shekarun ba wanda ya ba su lamba, alhali ba don su ba da ranar ba ta zo yadda ta zo ba.

Akwai kuma waɗanda gari ke tsaye a kansu ba tare da ya sani ba. A Afrilun 2020, lokacin kullen korona, masu haƙa kabari a maƙabartun Kano na cikin waɗanda suka fara ɗaga murya cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce ƙima. Ba su da na'ura, ba su da ofis, ƙirgen ramukan da suka haƙa kawai suke da shi. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa bincike ya gano mutuwar mutum 979, kuma rabi ko fiye na iya kasancewa da nasaba da cutar. Waɗannan dattawa da ke yini a rana da diga da shebur, yawancinsu abin da masu gawa suka miƙa musu shi ne abincinsu. Kowannenmu zai bi ta hannunsu. Mutum nawa ne cikinmu ya san sunan ko da guda a maƙabartar da iyayensa ke kwance?

Ga matan rigakafin shan inna, masu yawo gida-gida da akwatin ƙanƙara da alli, ana rufe musu ƙofa, ana yi musu baƙar magana. A ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe tara daga cikin masu wannan aiki a cibiyoyin lafiya biyu a Kano. Sauran ba su daina ba. Da aka ayyana Afirka ta rabu da cutar a ranar 25 ga Agustan 2020, jawabi ya yi yawa, manya sun taya juna murna. Yaron da yau yake buga ƙwallo da ƙafafunsa biyu a lungunmu bai san matar da ta ɗiga masa maganin ba, mu ma da ya kamata mu gaya masa ba mu riƙe sunanta ba. Mutanen Maiduguri kuwa sun fi kowa sanin wannan darasi. Shekara da shekaru yawancin waɗanda rikici ya raba da garuruwansu a gidajen jama'a suka zauna, gidan mutum goma ya koma na talatin, tukunya ɗaya. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ambaliya ta mamaye garin, maƙwabta da masu kwale-kwale da matan da suka ɗora manyan tukwane a bakin titi sun yi aikin da ba a rubuta shi a ko'ina ba.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mini, kuma maganar tana da nauyi. Wani malamina ya ce, "Kai ɗana, ka bar bayin Allah da ladansu. In ka fito da su ka jawo musu riya." Gaskiya ne cewa cikin mutum bakwai da za su shiga inuwar Al'arshi akwai wanda ya ɓoye sadakarsa har hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba. Kuma a Suratul Insan an yabi masu ciyarwa suna cewa ba sa neman sakayya ko godiya. Iya ma da za ka kai mata allo mai ƙyalli, kunya za ta ji, ƙila ta ce ka tona mata asiri.

Amma ina ganin mun haɗa wasiƙu biyu da aka aika wa mutum biyu daban. Umarnin ɓoyewa na mai bayarwa ne. Mu da muka sha ruwan, namu umarnin daban ne. Mu aka ce wa wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah. Mu kuma aka ce wa duk wanda ya yi mana alheri mu saka masa, in ba mu sami abin sakawa ba sai mu yi ta yi masa addu'a har mu ga kamar mun biya. A lura da jerin: sakayya ce a gaba, addu'a ta biyo baya ga wanda ya rasa. Mu kuwa mun tsallake ta farko mun rungumi ta biyu saboda ita ce ba ta taɓa aljihu. "Allah ya saka da alheri" addu'a ce mai girma, amma a bakin mai hali da ya ga mai sharar masallaci da yagaggen takalmi ya wuce, ta zama hanyar zillewa. Ikhlasin Iya bai sauke mana nauyin da ke kanmu ba. Mun dai fake da shi ne.

Inda nake tare da malamin nawa ɗari bisa ɗari shi ne batun kyamara. Yanzu an samu wata sabuwar sana'a: a samo dattijo mai cike ramukan titi, a dasa masa waya a fuska, a miƙa masa kuɗi a hankali yadda za su fito a hoto, a jira ya yi kuka, a sa kiɗa mai sosa rai a watsa a TikTok da Facebook. Ba na musun cewa wasu sun samu taimako na gaske ta wannan hanya, an gina wa wasu gida, an biya wa wasu kuɗin asibiti. Amma sau da yawa in ka duba da kyau, mai riƙe da wayar ne gwarzon labarin, dattijon kayan aiki ne. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana bayarwa, a minti biyu an mayar da shi mai karɓa a idon duniya. Bayan mako guda an wuce wurin, shi kuma ya koma bakin titinsa, sai dai yanzu kowa ya ga hawayensa.

To wace irin karramawa nake nufi? Akwai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, wanda tun muna Islamiyya muke ji amma sai a kan randar Iya ya shige ni. Wata baƙar mace ce da ke share masallacin Madina. Sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya daina ganinta, ya tambaya. Aka ce ta rasu. Ya ce me ya sa ba ku sanar da ni ba? Mai ruwayar ya ce kamar dai sun raina al'amarinta ne. Sai ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farkon labarin. Mutumin da ke ɗauke da al'umma gaba ɗaya, ga yaƙi ga baƙi ga shari'a, ya lura cewa mai shara ba ta zo ba. Ya yi cigiyarta. A layinmu kuwa, mai wannan hali shi ne almajirin da ko takalmi ba shi da shi.

Cigiya ita ce matakin farko, kuma ba ta buƙatar kwamiti. Ka san sunan mai wankan gawar unguwarku da inda take kwana. Ka san wanda ke buɗe masallaci kafin asuba ya cika butoci. Ka san matar da almajirai ke kira uwar ɗaki, wadda in ɗayansu ya kwanta zazzaɓi ita ke jiƙa masa magani. Ungozomar da ake buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare, matashin da duk aka ce ana neman jini a asibiti shi ne a gaba, mai shayin da ya san wanda ba ya iya biya ya kuma iya kau da kai. In ka san su, ranar da ba ka gan su ba za ka ji a jikinka.

Daga nan sai ɗaukar nauyi, a asirce kamar yadda su ma suke yi. Da yawansu masu cin zakka ne na halak malak, amma da yake ba sa roƙo, zakkar sai ta tsallake su ta tafi wajen masu baki. Mai unguwa da liman sun san su sarai. Kwamitin masallacin da ke iya tara kuɗin tayil da fanka da sabon lasifika ba zai gaza ware wani abu duk wata ga masu haƙa kabari ba. Wanda zai kashe dubbai wajen buga allon karramawa ga mai kuɗin da bangonsa ya riga ya cika, ya biya wa jikar mai shara kuɗin jarrabawa mana. In kuma za a ambaci sunan mutum a bainar jama'a, a fara tambayarsa. Wani zai ji daɗi, wani zai ji kamar an tuɓe shi a kasuwa. Kuma a yi tun yana da rai. Mun ƙware wajen cika zaman makoki da "ai mutumin kirki ne", wanda ihu ne bayan hari.

Wani abu guda da ba zan so a yi amfani da maganata a rufe shi ba: randar Iya ta zama dole ne saboda famfo ya ƙafe. Dattijon da ke cike rami da ƙasa yana yi ne saboda wanda aka bai wa kwangilar titin bai yi ba. Ba na son ranar da jami'i zai zo ya rataya wa irin waɗannan lamba a wuya, ya yi jawabi a kan kishin ƙasa, ya koma ofis ya bar famfon yadda yake. In hukuma na son girmama Iya, ta kawo ruwa layinmu. Sauran kuma namu ne, mu maƙwabta.

Iya ta samu sauƙi bayan sallar layya, ko da yake ƙuli-ƙulin ya gagara, hannu ba ƙarfi. Ni da tela da mai shayin bakin layi muka raba kwanaki, kowa da ranar da zai biya ɗan ga-ruwa. Ba mu gaya mata ba, amma ba a kwana uku ba ta gane. Har yanzu ba mu daidaita kan wanda ke da Juma'a ba, kusan kowane mako sai an yi 'yar muhawara. Wankin randar ne dai ta hana kowa. Na taɓa cewa, "Iya, ki bari yara su riƙa wankewa mana, ki huta." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, na ga wankin naku. Sama-sama kuke yi, gindin kuke bari da gansakuka."